A ajiye wa maigida kujera a ɗakin duba masu jego

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in taɓo wani ɓangare na haihuwa da ba a cika maganarsa ba, ko a shafin kiwon lafiya ko a bakinmu mu ma'aikatan asibiti. Ana yawan rubutu a kan zuwa awo da shayar da nono zalla na wata 6 da allurar riga-kafi, kuma duk gaskiya ne, ni ma su nake nanata wa mata kullum. Abin da ake tsallakewa shi ne halin da zuciyar maijego da ta mijinta suke shiga, da irin girgizar da zaman aurensu yake sha a shekarar farko ta zuwan jariri. Ni dai a ganina, ya kamata zaman tattaunawa da ƙwararre ya shiga cikin kulawar da ake ba mai ciki da maijego, kuma a riƙa yin sa da mutum biyu, mata da miji.

Ni ungozoma ce. Na daɗe a ɗakin haihuwa kafin a mayar da ni wajen duba masu jego. Katin da muke cikewa yana da gurbin kusan komai: nauyin jariri, warkewar cibiya, ɗinki, tsayawar jinin biƙi, komawar mahaifa, da irin tazarar haihuwar da ake so. "Ya jikin?" kuwa muna rubutu muke tambaya, ita kuma ta ce "da sauƙi" tana gyara wa jariri hula. Angon ƙarni, in ma ya rako ta, yana can waje riƙe da jaka, ba mai ce masa "kai fa?"

Wanda bai zauna da maijego ba zai yi mamakin abin da jikinta yake ɗauka a makonnin farko. Da mabiyiya ta fita, sinadaran da suka riƙe cikin nan wata 9, wato istirojin da furojestaron, sukan faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Ga ciwon jiki, ga jariri da ke neman nono sau 8 zuwa 12 cikin awa 24, barcinsa gutsi-gutsi, awa 2 ko 3 ya farka. Kukansa ma ƙaruwa yake yi har wajen sati na 6 kafin ya fara lafawa. Shi ya sa fiye da rabin masu jego sukan sami kansu suna kuka ba gaira ba dalili daga wajen rana ta 3, yanzu dariya anjima hawaye. Wannan yakan wuce da kansa kafin sati 2, barci da lallashi kawai yake so. Amma in ya zarce haka, mace ta daina jin daɗin komai, barci ya ƙi zuwa ko da jariri ya yi nasa, tana ganin kanta ba ta da amfani, to an shiga ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 10 cikin 100 na masu ciki da kashi 13 na waɗanda suka haihu suna fama da larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kusan kashi 16 lokacin ciki da kusan kashi 20 bayan haihuwa. Ke nan a cikin mata 10 da ke zaune kan benci suna jiran a kira su, da wuya a rasa ɗaya ko biyu.

Gano su ba wani abu ne mai wuya ba. Tun 1987 wani likitan ƙwaƙwalwa, John Cox, da abokan aikinsa Jenifer Holden da Ruth Sagovsky suka fitar da wasu tambayoyi 10 da ake kira ma'aunin Edinbara. Ana tambayar mace yadda ta ji a kwana 7 da suka wuce: tana iya dariya kamar da? Tana ɗora wa kanta laifi ba dalili? Tana jin fargaba haka kawai? Baƙin ciki ya hana ta barci? Ta ƙarshe ita ce ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zuwa mata. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30, kuma minti 5 ya isa a gama. Takardar ba ta yanke hukunci cewa mace tana da ciwo, tana nuna wadda ya kamata a zauna da ita ne.

Akwai wata yarinya mai haihuwar fari da ta zo mini fes da ita, jaririnta ɓul-ɓul, nauyi yana hawa yadda ake so. Duk abin da na tambaya, lafiya lau. Da muka zo kan tambayar ɗora wa kai laifi sai ta yi shiru tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Sista, ni fa ba na jin komai a kansa. Ina ba shi nono, ina yi masa wanka, amma kamar ɗan wata aka ba ni riƙo." Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa, "Don Allah kada ki gaya wa babansa." Makonni ta yi tana haɗiye wannan magana, domin kowa ya shigo barka yake yi mata, wa za ta kalla ta ce ita ba ta cikin farin ciki?

Irin wannan yarinya ake tura wa masanin halayyar ɗan Adam ko wanda aka horar a kan ba da shawara. Da yawa in sun ji haka sai su ɗauka nasiha za a zaunar da su a yi musu, ko kuma an ce sun taɓu. Aikin ba haka yake ba. Hanya ɗaya da aka fi gwadawa ita ce a bi sawun tunani, a ga yadda yake jan zuciya, zuciya kuma take jan aiki. Jariri ya ƙi kama nono, sai tunani ya ce "ni ba uwar kirki ba ce", sai jiki ya mutu, sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ƙwararren zai ce su duba wannan tunanin tare: ina hujjarsa? Ga kati, nauyin yaro yana hawa, wa ya shayar da shi har ya kai haka? Daga nan a sa mata ƙananan ayyuka na mako, ta fito ta ɗan taka da yamma, ta kira ƙawar da ta daina ɗaukar wayarta, ta kwanta da rana in an karɓi yaro. Ɗaya hanyar kuma ta fi duba mu'amala: abin da ya canza tsakaninta da miji da uwa da suruka da wajen aiki, da abin da ta rasa na rayuwarta ta da, wanda ba ta da bakin cewa tana kewarsa. A 2019 kwamitin ƙwararrun da ke ba Amurka shawara kan riga-kafin cututtuka ya tattara binciken da aka yi, ya ce irin wannan zaman yana rage yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa na ciki da jego da kusan kashi 39 cikin 100. Ya kuma ba da shawarar a tura matan da suka fi shiga haɗari tun ciwon bai kama su ba, kamar wadda ta taɓa yin ciwon a baya, ko mai ƙarancin shekaru, ko wadda ake cin zarafinta a gida.

A irin wannan zama ne kuma mata suke samun damar fitar da wani abu da ke razana su. Iyaye da yawa, maza da mata, tunani yakan faɗo musu ba su gayyace shi ba: in yaron nan ya suɓuce daga hannuna fa, in na danne shi cikin barci fa? Wadda ba ta san abu ne da ya zama ruwan dare ba sai ta ɗauka ita muguwa ce, har ta fara gudun ɗaukar ɗanta. Jin cewa ba ita kaɗai ba ce yakan sauke mata rabin nauyin.

To, maigida fa? Shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. A 2010 wasu masu bincike a Amurka, James Paulson da Sharnail Bazemore, suka haɗa sakamakon bincike 43, suka samu kusan kashi 10 cikin 100 na iyaye maza suna shiga ciwon damuwa tsakanin ɗaukar ciki da shekarar farko, kuma ya fi yawa daga wata 3 zuwa 6 bayan haihuwa. Sun kuma ga cewa in matar tana fama, mijin ma ya fi kusa da kamuwa. Na namiji ba ya cika zuwa da hawaye. Da faɗa yake zuwa, da daɗewa a waje, da nutsewa cikin aiki ko waya, sai a ce ya canza hali tun da aka haihu. Shi kansa auren yana jin jiki. John Gottman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa sun bi sababbin ma'aurata har shekara 6, kuma a rahoton da suka fitar a 2000, kashi 67 cikin 100 na matan da suka haihu sun ce daɗin aurensu ya ragu bayan ɗan fari. Sauran kashi 33 ɗin su ne abin lura. A gidajensu miji yana nuna ƙauna a fili, kuma kowa ya san abin da ke gudana a rayuwar ɗan'uwansa. Wannan kuwa abu ne da ake iya koya wa mutum.

Na taɓa zama, da izininsu, a wani zama da abokiyar aikina mai ba da shawara ta yi da wasu ma'aurata. Dokarta ɗaya ce: in ɗaya yana magana, ɗayan ba zai ba da amsa ba sai ya fara maimaita abin da ya ji. Matar ta fara: "Kullum kai barcinka kake sha, ko motsi ba ka yi, sai ka ce ni kaɗai na haife shi." Ya ce, "To me zan yi? Nono zan ba shi?" Abokiyar aikina ta ɗaga hannu. Ta ce wa matar ta sake faɗa, amma ta fara da halin da take ciki, ta ƙare da abin da take so. Ta yi jim, sannan ta ce, "Na gaji. Ina so ko sau ɗaya in yi barcin awa 4 a jere." Aka ce ya maimaita. Ya ce, "Ta ce ba na taimaka mata." Aka ce, "A'a Malam, ba haka ta ce ba, sake saurara." Sai da aka sake kafin kunnensa ya kama kalmar gajiya.

Da aka zo kansa ne ɗakin ya yi tsit. Ashe a satin farko ya ɗauki yaron, ta ce, "Ba haka ake riƙe shi ba, kawo shi," mahaifiyarta kuma ta yi dariya. Tun ranar ya janye hannunsa. Barcin da take ganin yana sha ma rabinsa idonsa biyu, ya juya baya yana lissafin yadda albashi zai kai ƙarshen wata. Ita ba ta ko tuna ta faɗi maganar ba. Abin da suka tashi da shi takarda ce rubuce da biro: in ta shayar da daddare, shi zai karɓa, ya sa shi gyatsa, ya jijjiga shi, ita ta koma wani ɗaki har ƙarfe 1. Ita kuma ba za ta gyara masa riƙo ba sai in akwai haɗari. Ba zan ce daga nan komai ya daidaita ba, don da suka dawo wata sabuwar rigimar suka kawo a kan yawan baƙi. Amma sun zo tare, kuma yaron yana kafaɗar ubansa.

Wannan sauya farkon magana da aka sa matar ta yi yana da tushe. A 1999 Sybil Carrère da Gottman sun nuna cewa daga minti 3 na farkon gardamar sababbin ma'aurata ana iya hasashen waɗanda aurensu zai mutu. Maganar da ta fara da "kullum kai" ko "ke dai ba kya" da wuya ta ƙare lafiya. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kowa ya sani, amma saɓani tsakanin mutum biyu da ba su yi barcin kirki ba wata da watanni yana da kaifi na daban.

Shi ya sa nake ganin jira sai an haihu ma an makara. Philip Cowan da matarsa Carolyn, na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali, sun tara ma'aurata masu jiran ɗan fari rukuni-rukuni, suna haɗuwa mako-mako har wata 6, wata 3 na ƙarshen ciki da wata 3 na farkon jego. Shekaru bayan haka, waɗanda suka shiga rukunin daɗin aurensu bai zube kamar na waɗanda ba su shiga ba. Abubuwan da ake tattaunawa a irin wannan zama ba wasu manya ba ne. Wa zai tashi da dare? In za ta koma aiki ko makaranta, wa zai riƙe yaro? Wa zai ce wa baƙi maijego tana hutawa, musamman in baƙin dangin miji ne? Yaya aka raine ka, me za ka ɗauka daga ciki, me za ka bari? Sai kuma maganar shimfiɗa, wadda kunya take hana kowa tayarwa. Sati 6 da muke faɗa na warkewar jiki ne, ba alƙawari ba ne cewa sha'awa za ta dawo a ranar. Shayarwa tana riƙe istirojin a ƙasa, hakan yana kawo bushewa da zafi da raguwar sha'awa. Mijin da ba a yi wa bayani ba sai ya fassara shi da ƙi, matar kuma ta fassara matsowarsa da rashin tausayi.

Na san abin da wasu za su ce: iyayenmu sun haihu sun raina ba su ga wani ƙwararre ba. Haka ne, amma hannuwa nawa ne a gidan da suka haihu? Yau a ko'ina cikin duniya za ka tarar da yaro da yarinya su biyu rak a ɗakin haya, nesa da dangi, shi ya fita tun safe, ita da jariri da bango huɗu. Shawarar dangi tana da daɗi, ba na raina ta, sai dai uwa tana da ɓangare. Abin da ka gaya wa mahaifiyarka a kan matarka, ku za ku shirya, ita tana nan riƙe da shi. Mai ba da shawara ba shi da ɓangare, kuma riƙe sirri sharaɗin aikinsa ne, sai fa in rai na cikin haɗari. Masu cewa haƙuri da addu'a sun isa, ni ma ina haƙuri ina addu'a, amma ban taɓa jin an ce wa mai hawan jini ta yi haƙuri ta bar shan magani ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ƙwararrun ba su da yawa, kuma ganinsu sai mai hali. Amsar wannan ta zo daga ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan. Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa mata ma'aikatan lafiya da ke shiga gida-gida yadda za su yi wannan zama na gyaran tunani, ba tare da sun zama likitoci ba. Mata 903 masu ciki da ke fama da ciwon damuwa aka sa a binciken, wanda mujallar Lancet ta buga a 2008. Wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka yi wa zaman suke da ciwon, a cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 53. Nauyin jariran bai bambanta sosai ba, gaskiya ɗaya ce, amma gudawa ta ragu a cikinsu, an fi kammala musu riga-kafi, kuma iyayen, har da maza, sun fi zama su yi wasa da su. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin horo da kowace ƙasa za ta iya ɗauka. In ma'aikaciyar ƙauye ta iya, ban ga abin da zai hana ungozoma ko nas iyawa ba.

Zaman yana da iyaka, kuma dole in faɗe ta. Gidan da ake duka ko barazana, ba a zaunar da mata da miji wuri ɗaya a ce ta faɗi abin da ke ranta, domin za ta biya kuɗin maganar in sun koma gida. Ita kaɗai ake fara gani, a duba tsaronta. Ciwon damuwa mai tsanani kuma yakan buƙaci magani a haɗa da zaman, akwai irinsu satiralin da likitoci suke ba masu shayarwa. A kuma duba jini, don ƙarancinsa ma yana kawo kasala da mutuwar jiki. Sannan akwai taɓin hankali na bayan haihuwa, wanda ke kama mace 1 ko 2 cikin 1,000, galibi a sati 2 na farko. Za a ga ta kwana ba ta runtsa ba kuma ba ta jin gajiya, tana surutai, tana jin muryoyi, ko ta ce an canza mata jariri. Wannan ba na zaman tattaunawa ba ne. Asibiti za a kai ta a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da yaron, kuma ana warkewa.

A ƙa'idojin da ta fitar a 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba maijego aƙalla sau 4: cikin awa 24 na farko, tsakanin awa 48 da 72, tsakanin kwana 7 da 14, sai sati na 6. Ta kuma ce a riƙa tantance ciwon damuwa da fargaba a lokacin jego. Roƙona ga shugabannin asibitoci shi ne su sa tambayoyin nan 10 a cikin katin, su ware rana ɗaya ta awon ciki da za a gayyaci miji ya shigo ya zauna, su kuma horar da mu. Amma kada a fara tambaya sai an tanadi inda za a tura wadda makinta ya hau, don sa mace ta faɗi abin da ke ranta sannan a sallame ta hannu rabbana ya fi rashin tambayar ciwo.

Kai kuma Edita, da za ka samo mana masanin halayyar ɗan Adam ya riƙa amsa tambayoyin sababbin iyaye a shafin lafiya, ko sau ɗaya a wata, ba tare da an buga sunan mai tambaya ba, na tabbata wasiƙun maza za su ba ka mamaki. Kafin nan, duk maigidan da ya ga matarsa ta wuce sati 2 tana kuka, ko ba ta barci ko da jariri ya yi, ko shi kansa ya ga ransa yana ɓaci ba dalili, ya bi ta ranar riga-kafi ta gaba, ya shiga ɗakin, ya ce wa ma'aikaciyar da ya tarar, "Sista, muna so a duba mu mu biyu."

Na gode da filin da ka ba ni.

Daga wata ungozoma mai karanta jaridarku